Shagon kafet da ya wayi gari ɗan kwangila bai sani ba: nazarin wani lamari a Kalifoniya

## Asalin shagon, 2016 zuwa 2020

Shago ne na iyali a wani matsakaicin gari da ke tsakiyar jihar Kalifoniya ta Amurka, an yi masa rajista a matsayin ƙaramin kamfani, mijin ne ke gaba, matar ke riƙe da littafin kuɗi, sai ma'aikata huɗu. Da suka sayi shagon a 2016 kujeru da gadaje da katifu ne jarinsu, kafet kuwa ɗan ƙari ne a gefe. Saboda kayan ɗakin nan suna da lasisin dillalin kayan ɗaki da jihar ke bayarwa, kuma wannan lasisin ne ya yi ta rufa musu asiri shekara da shekaru ba su ma san yana yi ba.

Ga yadda abun yake. Hukumar da ke ba 'yan kwangila lasisi a Kalifoniya ita ce CSLB, tun 1929 take, hedikwatarta na Sakramento, dokokin da take aiki da su kuma suna cikin kundin dokokin kasuwanci da sana'o'i na jihar, daga sashe na 7000 zuwa sama. Sashe na 7026.3 ya ce duk wanda ya shimfiɗa kafet irin wanda ake kafewa a jikin gini, ko ya ƙulla yarjejeniyar shimfiɗa shi, to ɗan kwangila ne. Amma sai aka bar wata 'yar ƙofa: mai sayar da kafet da ke da lasisin dillalin kayan ɗaki ba sai ya nemi na kwangila ba, matuƙar mai lasisi ne zai yi shimfiɗar, kuma ya ba kwastoma takarda a rubuce kafin a fara aiki mai ɗauke da sunan wannan ɗan kwangilar da adireshinsa da lambar lasisinsa.

Wanda ya sayar musu da shagon ya bar musu irin wannan takardar a cikin fayil, suka ci gaba da bugawa suna haɗawa da rasit, a zatonsu al'adar kasuwa ce kawai. Mai shimfiɗa musu kafet ɗin yana da lasisin C-15, wato ajin masu aikin daɓe da shimfiɗar ƙasa. Komai daidai.

## 2021 da 2022: an ƙaro kaya, tsarin bai canza ba

A 2021 kasuwar gyaran gida ta yi zafi, mutane sun daɗe a gida sun gaji da kallon tsohon kafet, sai tambayar daɓen katako da na roba mai kama da katako da tayil ta fi ta kujeru yawa. Mai shagon ya rage kayan ɗaki ya cika rabin shagon da samfurin daɓe. Ya samo rukuni na biyu na masu aiki, su ma da C-15 ɗinsu.

Tsarin cinikin kuwa shi ne dai na kafet. Kwastoma ya shigo ya zaɓa, ma'aikacin shago ya je gida ya yi awo, a ba shi farashi ɗaya kaya da aiki duka, ya biya rabi a matsayin kafin alƙalami, shago ya yi odar kaya daga kamfanin sari, shago ya sa rana, shago ya turo masu aiki, in an gama kwastoma ya cika wa shago, shago kuma ya sallami masu aikin daga aljihunsa ya riƙe abun da ya hau. A jikin motar shagon da shafinsu na Facebook an rubuta cewa su ke sayarwa su ke sakawa, harda garantin shekara ɗaya kan aiki. Ita kuwa waccan takardar ta kafet a hankali aka daina bugata, tunda an koma sabon tsarin rasit na kwamfuta kuma ba wanda ya tuna ya saka ta ciki.

Mai shagon bai taɓa riƙe guduma a gidan kowa ba, haka ma ma'aikatansa, don haka in ka tambaye shi a lokacin zai ce maka shi ɗan kasuwa ne, 'yan kwangila su ne waɗancan da yake turawa, kuma ai ya duba lasisinsu a shafin hukumar ya ga yana aiki.

## Maris zuwa Yuni 2023: aikin da ya jawo maganar

A watan Maris 2023 wata mata ta ba su aikin daɓen katako a falo da ɗakuna uku, kimanin murabba'in ƙafa 1,100. Farashi dala 18,400 a takarda ɗaya mai sunan shagon. Ta biya 9,200 ranar sa hannu, ta ƙara 5,200 ranar da aka fara, saura 4,000 sai an gama. A nasa ɓangaren shagon ya sari katakon a kan 8,300 ya biya masu aiki 4,800.

An gama a tsakiyar Afrilu. Gidan irin wanda aka zuba kankare kai tsaye a ƙasa ne, kuma ba a yi gwajin danshi ba kafin a manna katakon, shagon na zaton masu aiki za su yi, su kuma suna zaton wanda ya zo awo ya riga ya yi. Kafin ƙarshen Mayu katakon ya fara kumbura yana lanƙwashewa ta gefe-gefe a wajen ƙofar baya. Matar ta riƙe cikon 4,000 ta ce sai an gyara. Shagon ya ce laifin masu aiki ne, masu aiki suka ce laifin kankaren ne kuma su ba su da wata yarjejeniya da matar, wanda kuma gaskiya ne, ba su da ita. Kamfanin da ya ƙera katakon ya turo mai dubawa ya ce garantinsu bai shafi danshin ƙasa ba. Aka yi ta jeka-ka-dawo har Yuni ya wuce.

## Agusta 2023: kotun ƙananan ƙararraki

Mai shagon ya yi tayin canza ɓangaren da ya lalace, matar ta ce duka take so a cire, sai ya shigar da ƙara a kotun ƙananan ƙararraki yana neman 4,000 ɗinsa. A shekarar iyakar abun da kamfani zai iya nema a wannan kotun dala 5,000 ne, mutum ɗaya kuma 10,000, kuma lauyoyi ba sa tsaya wa mutum a zaman, don haka bai nemi shawarar kowa ba, ya haɗa hotuna da rasit da rahoton mai dubawa ya tafi.

Ba a kai ga maganar danshi ba ma. Alƙali ya nemi shaidar lasisin kwangila na shagon, ya miƙa na masu aikin, aka ce ba shi ake tambaya ba, na wanda sunansa ke kan yarjejeniya ake so. Sashe na 7031 sakin layi na farko ya hana duk wanda ya yi aikin da ke buƙatar lasisi neman kuɗinsa a kotu sai ya nuna yana da lasisi a duk tsawon lokacin aikin, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ko da ƙarar tasa tana da gaskiya. Aka kori ƙarar.

Inda ya faɗa ramin shi ne ma'anar ɗan kwangila a sashe na 7026. Ba wai mai yin aikin da hannunsa kaɗai ba, harda wanda ya ɗauki alƙawarin yi, da wanda ya yi tayin yi, da wanda ya nuna wa jama'a cewa zai iya, da wanda ya yi ta hannun wasu. Wannan na ƙarshen ne ya kama shi. Akwai sassan da suka ware 'yan kasuwa, 7045 da 7052, amma su na wanda ya sayar da kaya ne ya tsaya nan bai saka ba kuma bai ƙulla yarjejeniyar sakawa ba, ko kuma kayan da ba sa zama jikin gini kamar firji da za a jona a soket ko darduma da za a shimfiɗa a naɗe gobe. Katakon da aka manna da gam a kan kankare ba ya cikinsu. Ƙofar 7026.3 kuwa ta kafet ce kaɗai, ba ta buɗuwa ga katako ko roba ko tayil.

Kotunan jihar sun daɗe ba sa sassauci a nan. A 1991 kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke shari'ar Hydrotech Systems da Oasis Waterpark, wani kamfanin Niyok ne mai ƙera na'urar tayar da igiyar ruwa, ya zo garin Palm Springs na Kalifoniya ya gina tafkin wasa da na'urarsa ba shi da lasisin jihar, aka riƙe masa sama da dala 100,000, ya ce ai masu wurin sun san ba shi da lasisi kuma su suka lallaɓe shi da alƙawarin za su biya, kotu ta ce duk da haka ba ya da hanyar karɓa.

## Oktoba 2023: wasiƙar lauya

Garin neman gira aka rasa ido. Matar ba ta san da maganar lasisi ba sai a zauren kotun, daga nan ta nemi lauya, a Oktoba wasiƙa ta iso shagon ana neman a mayar mata da dala 14,400, wato duk abun da ta biya. Ta kuma kai ƙorafi CSLB.

Sakin layi na biyu na sashe na 7031 ne ya ba ta wannan damar, wanda ya yi amfani da ɗan kwangila marar lasisi yana iya ƙwato duk kuɗin da ya biya shi. A nan ne mai shagon ya ɗauki nasa lauyan, ya je masa da hujja uku.

Ta farko, masu aikin suna da lasisi. Lauya ya ce wannan ta riga ta mutu a watan Agusta. Ta biyu, a cikin 14,400 ɗin nan mafi yawa kuɗin katako ne, kuma sayar da katako ba ya buƙatar lasisi, to a cire kuɗin kaya a bar na aiki. Lauya ya nuna masa hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na 2010 a shari'ar Alatriste da Cesar's Exterior Designs, inda aka ce "duk kuɗin" na nufin duka harda na kayan aiki, kuma sanin da mai gida ya yi cewa ɗan kwangilar ba shi da lasisi ba ya hana shi ƙwatowa. Takarda ɗaya ce farashi ɗaya, ba inda za a sa wuƙa a yanka. Ta uku, ai kuskure ne ba ha'inci ba. Dokar tana da ɗan uzuri amma na wanda ya taɓa riƙe lasisi ne ya kuɓuce masa ba da gangan ba ya kuma yi saurin gyarawa, wanda bai taɓa samu ba sam ba ya ciki.

Abun da ya fi tayar masa da hankali ba matar ba ce, jerin da lauya ya sa matar mai shagon ta fitar ne: duk aikin katako da roba da tayil da aka gama cikin wata 12 da suka wuce. Dalilin wata 12 shi ne hukuncin 2020 a shari'ar Eisenberg Village da Suffolk Construction, wanda ya ce wa'adin shigar da irin wannan ƙarar shekara ɗaya ne daga gama aiki. Ayyuka 58 suka fito, kuma kowane ɗaya daga cikin masu gidajen nan, ko aikinsa ya yi kyau kamar me, yana da ikon yin abun da matar ta yi.

## Nuwamba 2023: dabarun da ba su yi ba

Wata guda aka yi ana neman hanyar da za a ci gaba da cinikin yadda yake ba tare da an taɓa shi sosai ba.

Da farko aka raba rasit biyu, ɗaya na kaya da sunan shago, ɗaya na aiki da sunan masu aikin, amma duka a kantar shagon ake bugawa, ma'aikacin shago ke faɗin kuɗin aiki, katin kwastoma a na'urar shago ake gogawa, shago kuma ke riƙe kasonsa kafin ya miƙa saura. Sati biyu aka yi a haka kafin lauya ya gani ya ce a tsaya, wai mai bincike ba takarda kaɗai zai kalla ba, zai tambayi kwastoma ne wa ya ba ka farashi, wa ka biya, wa za ka kira in abu ya lalace, kuma amsar duka ukun shago ce.

Sai shawarar a buga lambar lasisin shugaban masu aikin a kan rasit da talla. Shi kansa mutumin ne ya ƙi tun kafin lauya ya yi magana, don amfani da lambar wani da niyyar yaudara laifi ne mai zaman kansa a sashe na 7027.3, shi kuma mai lasisin da ya bari aka yi ko ya taimaki marar lasisi ya kauce wa doka yana iya rasa nasa a ƙarƙashin sashe na 7114. Ya ma ƙara da cewa aikin da ya yi ta karɓa daga hannun shagon a baya shi ma yana iya jawo masa tambaya.

An kuma taɓo maganar ƙananan ayyuka, tunda a lokacin aikin da kuɗinsa duka, kaya da aiki, bai kai dala 500 ba ba ya buƙatar lasisi. Amma sashe na 7048 da ya ba da wannan damar shi ne kuma ya hana a daddatsa babban aiki don a shige ƙarƙashinta, kuma ko ɗaki ɗaya na katako ya wuce 500 nesa ba kusa ba. Daga 1 ga Janairu 2025 an ɗaga iyakar zuwa 1,000 da sharaɗin aikin ba ya buƙatar izinin gini kuma mai yin bai ɗauki ma'aikata ba, wanda shi ma ba abun da zai canza wa shagon daɓe.

Na ƙarshe wani ɗan kwangila ne da ya yi ritaya, ya ce a sa sunansa a takardar neman lasisi a riƙa ba shi wani abu duk wata, ba sai ya zo ba. Wannan kam ana yi, kuma hukumar ta san ana yi. Sashe na 7068.1 ya ɗora wa wanda ya tsaya wa kamfani da gogewarsa wajen neman lasisi nauyin sa ido da juya ayyukan da gaske, in kuma a matsayin ma'aikaci ya tsaya to sai yana aiki awa 32 a sati ko kashi 80 cikin ɗari na lokutan aikin kamfanin, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Aka bar maganar.

## Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: rabuwa ta gaske da sulhu

A farkon Disamba shagon ya daina karɓar aikin sakawa baki ɗaya in ban da kafet. An goge rubutun jikin mota da na Facebook, don tallan aikin kwangila ba lasisi shi ma laifi ne a sashe na 7027.1. Wanda ya sayi katako ko roba ko tayil sai a ba shi takarda mai sunayen 'yan kwangila uku da lambobin lasisinsu, ya kira wanda ya ga dama, su yi awonsu su yi farashinsu su sa hannu tsakaninsu ya biya su kai tsaye. Shago ba ya faɗin kuɗin aiki, ba ya sa rana, ba ya ba da garantin aiki, ba ya karɓar kamasho. Kafet kuma aka dawo masa da tsohuwar takardarsa, a cike a miƙa kafin a fara.

Mai shagon ya so ya ware daɓen roba irin wanda ake harhaɗawa ba gam ba ƙusa, wai ai wannan ba ya zama jikin gini. Lauya ya ce hujja ce da za a iya yi a kotu amma ba wadda za ka jingina shagonka a kanta ba, tunda ana gyara ƙasan ana yanke ƙofofi ana cire katakon gindin bango a mayar.

Ta fuskar doka wannan tsarin ya tsaya. Ta fuskar kasuwa ya yi ciwo, cinikin katako da roba ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wata uku, ribar da ake samu a kan aiki ta tafi gaba ɗaya, mutane da yawa suna jin an ce su nemi mai sakawa da kansu sai su ce bari su yi shawara, su wuce manyan shagunan da ke da lasisinsu. Ga kuma sabuwar rigima, in kaya bai isa ba ko ya yi yawa wa ya yi kuskuren awo.

A Janairu 2024 aka yi sulhu da matar, an mayar mata da 14,400 a biya biyu ta sa hannu ta janye duk wata da'awa, katakon kuma yana gidanta. CSLB ta ba shagon takardar tara ta dala 2,500 da umarnin dainawa, ba ta tura maganar ga mai gabatar da ƙara ba. Tana da ikon cin tarar marar lasisi har 15,000, kuma a sashe na 7028 laifin na iya kaiwa tarar 5,000 ko wata shida a gidan yari a karon farko, a karo na biyu kuwa kwana 90 ne mafi ƙanƙanta. In ka haɗa 13,100 da aka kashe a kaya da masu aiki, da tarar, da kusan 6,000 na lauya, aikin da aka sa ran cin ribar 5,300 a kansa ya tashi a asarar kusan 21,600.

## Fabrairu zuwa Yuni 2024: neman lasisi

Mai shagon ba zai iya tsaya wa kamfaninsa ba, don hukumar na neman gogewar shekara huɗu cikin goma da suka wuce a matakin ƙwararren ma'aikaci ko mai kula da aiki a wannan sana'ar, sannan jarrabawa biyu, ta doka da kasuwanci da ta sana'ar kanta. Sayar da katako a kantar shago ba ya shiga lissafin.

Sai aka koma kan shugaban rukunin farko, wanda ke shimfiɗa musu kafet tun 2016. An yi ta ciniki kusan sati uku kafin ya yarda ya zama ma'aikacin shagon na cikakken lokaci, abun da hukumar ke kira RME, wato ma'aikacin da ke ɗauke da alhakin ayyukan kamfani. Abun da ya sa ya yi jinkiri shi ne dole ya dakatar da nasa lasisin muddin yana tsaya wa shagon, ma'ana ya bar kwastomominsa na gefe, don haka albashin sai da ya rufe wannan giɓin. Amfanin kuwa tunda yana riƙe da C-15 mai kyau cikin shekara biyar da suka wuce ba a sake masa jarrabawa ba.

Sauran duk takardu ne da kuɗi. Takardar lamuni ta dala 25,000 ta kamfani, adadin da aka ɗaga daga 15,000 a farkon 2023, da wata 25,000 ɗin daban ta shi RME, ba wai tsabar kuɗin ake ajiyewa ba, kamfanin lamuni ake biya wani kaso duk shekara gwargwadon tarihin bashinka. Inshorar raunin ma'aikata, wadda ba makawa in RME ne ya tsaya maka. Hoton yatsu na miji da mata a matsayinsu na shugabannin kamfani. Da a ce wani nau'in rajistar kamfani mai suna LLC gare su da an ƙara musu lamunin 100,000 na haƙƙin ma'aikata da inshorar ɓarna ta aƙalla dala miliyan 1, wannan kam sun tsira. An biya tarar kafin a miƙa takarda a Fabrairu, an dawo da ita sau ɗaya don gyara, lasisi ya fito a Yuni.

Tayil bai shiga ba. C-15 ya ƙunshi kafet da katako da roba amma ya ware tayil na yumɓu, wannan na ajin C-54 ne, don haka har yau tayil kaya kawai suke sayarwa su miƙa takardar sunaye.

## Yuli 2024 zuwa farkon 2025

Samun lasisi ya zo da nasa dokokin, kuma wanda ya fi cizo shi ne na kafin alƙalami. A yarjejeniyar gyaran gida ba a karɓar fiye da kashi 10 cikin ɗari ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kuma bayan nan ba a karɓar kuɗin da ya wuce darajar aikin da aka yi ko kayan da aka kai gidan. Shagon da ya saba sarin kaya da rabin kuɗin kwastoma sai ga shi da 1,000 a hannu a kan aikin 18,000. Akwai hanyar kaucewa ta ajiye wa hukumar wani babban lamuni da ya rufe duk ayyukanka, amma ya fi ƙarfinsu. Abun da suka yi shi ne neman kamfanin sari ya ba su kwana 30 kafin su biya, suka kuma tsara biyan ta yadda kaso mafi girma zai faɗo ranar da aka sauke kaya a gidan kwastoma.

Ma'aikata biyu da ke zuwa gidaje awo suna ƙulla ciniki an yi musu rajistar masu tallan gyaran gida a hukumar. Sabuwar yarjejeniya ta koma shafuka da yawa, da sanarwar 'yancin fasawa cikin kwana uku na aiki, biyar ga mai shekara 65 zuwa sama. Lambar lasisi ta hau mota da talla da kowace takarda. RME ɗin kuma ya kafa nasa sharaɗin, ba a manna komai a kan kankare sai ya ga sakamakon gwajin danshi a rubuce, tunda yanzu sunansa ne a ciki.

Lasisin bai wanke baya ba, ayyukan 2023 sun ci gaba da zama a buɗe har kowanne ya cika shekara. A cikin 58 ɗin nan mutum ɗaya ne kawai ya ƙara tasowa, aka daidaita da shi. Zuwa Disamba 2024 wa'adin na ƙarshensu ya wuce. Cinikin katako da roba ya koma inda yake a 2022 a farkon 2025, sai dai ribar kowane aiki ta ragu saboda albashi da inshora.

## Abun da ya sa wasu dabarun suka yi wasu suka ƙi

A ganina dabarun Nuwamba duka huɗun ciwonsu ɗaya, sun so su canza abun da takarda ke faɗa su bar abun da ke faruwa a kantar shago yadda yake. Biyun da suka yi aiki kuwa, wato daina karɓar aikin sakawa da neman lasisi, kowanne ya sa an saki wani abu na gaske, a na farko shagon ya saki kuɗin aiki da ikon juya shi, a na biyu ya ɗauki albashin mutum da inshora da ƙa'idar kafin alƙalami. Tsakanin nan babu wani wurin tsayawa ga mai sayar da katako a Kalifoniya, sai 'yar ƙofar kafet, ita ma da takardarta.

Ban ga laifin mai shagon a rashin gane ma'anar sashe na 7026 ba tun farko, don hankalin kowa zai ba shi cewa in mai lasisi ne ya yi aiki to an cika doka, kuma shekarun kafet sun ƙara tabbatar masa da hakan. Inda ya yi wauta shi ne shiga kotu a kan 4,000 bai biya lauya kuɗin awa ɗaya ba. Hukuncin kansa kuma yana da tsauri fiye da kima, mace ta tashi da katako da kuɗinta duka alhali mai lasisi ne ya yi mata aiki, kotunan ma suna faɗa da bakinsu cewa da tsauri amma haka majalisa ta so don ya zama tsoratarwa. Sai dai in ka koma watan Yuni 2023 za ka ga abun da dokar ke gudu, wanda ya karɓi kuɗinta ba shi da lamuni ba shi da lasisin da za a taɓa, wanda ke da lasisin kuma ba shi da yarjejeniya da ita, gwajin danshin ma a wannan tsakanin ya faɗi.

Wannan duk na Kalifoniya ne, jihohin Amurka kowace da nata, Teksas misali ba ta da lasisin jiha na ɗan kwangilar gini gaba ɗaya sai na sana'o'i irin su lantarki da famfo da na'urar sanyaya ɗaki, don haka shagon da ke da reshe a jiha biyu sai ya duba kowace daban.

Raunin da ya rage wa shagon shi ne lasisin nasu a wuyan mutum ɗaya yake rataye. In RME ɗin ya ajiye aiki kwana 90 gare su su kawo wani ko a dakatar da lasisin, kuma duk aikin da aka yi cikin dakatarwa ya koma ƙarƙashin 7031 ɗin nan dai. Shi ya sa tun Yuli 2024 babban ɗansu ya bar kanta ya koma bin masu aiki gidaje, ana rubuta masa ranaku da irin aikin da ya yi, in ya ɗore zai cika shekara huɗunsa a tsakiyar 2028 ya zauna jarrabawar da kansa.